Shekarar da Ba Mu Cinye Guzurin Makka a Gida Ba

Ranar da aka kawo ni gidan miji, a wani ƙauyenmu na Hausawa da ke tsakanin Hasahisa da Kamlin, abin da na fara hangowa ta ƙarƙashin mayafi shi ne tsakar gida fayau, babu bishiya ko ta magani. Ɗakuna uku na laka, rumfar karan dawa, randuna biyu a gindin katanga, shi ke nan. Ni kuwa a ƙarƙashin darbejiya na tashi a gidan ubana. A nan muke daka, a nan muke kitso, a nan ake dukanmu. Duk wanda ya san rana a yankinmu na Jazira ya san ba ta da mutunci. In ta take, baƙar ƙasar nan sai ta tsattsage, kaji su buɗe baki suna haki.

Ban yi wata biyu ba na je bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, na tono ɗan tsiron darbejiya na dasa kusa da randa, inda ruwa ke ɗiga. Washegari babu shi. Na zagi akuyar gidan son raina. Na sake samo wani, na kewaye shi da ƙaya. Wannan karon da idona na ga mai aikin. Uwar mijina ce. Ta ɗage ƙayar a hankali don kada ta soke ta, ta tuge tsiron, ta miƙa wa akuyar da na zaga.

Inna muke ce mata. 'Yar tsohuwa ce siririya, gajera, da tsagen mutanen Sakkwato a kumatu, kuma ba ta ɗaga murya ko da gobara ta tashi. Amarya ba ta kallon suruka ido cikin ido, amma ni tun ina ƙarama bakina ya fi ƙarfina.

Na ce, "Inna, mi iccen ga ya yi miki?"

Ta karkaɗe ƙasar hannunta ta ce, "Ɗiyata, wa za ki dasa ma icce? Mu kan hanya muke."

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnena. Duk ƙauyukanmu haka tsofaffi ke cewa. Iyayensu sun baro ƙasar Hausa a ƙafa da jakuna za su Makka, guzuri ya ƙare a bakin Nilu, suka tsaya su yi aiki su ƙara gaba, sai ga jikoki. In ka tambayi dattijo shekararsa nawa a garin, sai ya ce ai yada zango suka yi. Amma yawancin mutane a baki kawai suke faɗa. Suna faɗa suna gina ɗaki da jan bulo, suna dasa lemun tsami a bayan gida. Inna ce kaɗai na sani ta riƙe maganar da gaske. Tana yarinya ta shigo ƙasar nan a bayan jakin ubanta, ta yi aure, ta haihu, ta binne miji, amma Larabcinta bai wuce na sayen gishiri ba, wai me za ta yi da shi tunda wucewa za ta yi. A ƙarƙashin gadonta akwai ƙunshi ɗaure tamau: farin zane, buta, carbi da takalman fata da ba ta taɓa sakawa ba.

Kowace shekara kuma, in aka gama tsinkar auduga, sai Inna ta ce bana za a tafi. Ta fito da turmi. Ta yi dakuwa, ta yi ƙuli-ƙuli, ta yi gumba mai yaji, ta daka garin kuka da busasshiyar kuɓewa, ta sa a yanka ɗan akuya a yi kilishi a shanya a kan rumfa. Gida ya ɗauki ƙamshi har maƙwabta su leƙo su ce, "Inna, bana kam da gaske ne?" Ta ce, "In Allah ya yarda." Ta ɗinke komai a jakunkunan fata, ta jera a ɗakinta.

Daga nan sai dalili ya ɓullo. Wata shekara gwiwarta ce. Wata shekara ta yi mafarki bai yi mata daɗi ba. Wata shekara ni ce da ciki, wata shekara ban yaye ba, kuma ba za ta bar ni ni kaɗai da jinjiri ba, alhali ga mata cike da gari. In ayarin alhazai ya tashi, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, a hiddo abin ga a ci, kada shi lalace."

Yarana huɗu a kan wannan guzuri suka girma. Ba su da wata salla da ta fi ta ranar kwance jakunkunan Inna. Na taɓa kama na biyun, namiji, ya ɗaga hannu bayan sallar magariba yana cewa Allah ya sa bana ma kada a tafi. Na sakar masa ranƙwashi, na juya baya ina dariya. Ni kam a lokacin na ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi, ko tsoron teku. Ban yi zurfin tunani a kai ba, tunda ina da yara da daka da tsinkar auduga.

Mai gidana mutum ne mai hawasha, gonar da hukumar noma ke ba mutum ya riƙe, ya shuka abin da aka ce a lokacin da aka ce. Mai hawasha ba shi da 'yancin ƙafarsa. Ranar ruwansa in ta zo dole ya tsaya, lokacin tsinka kuwa ko jana'iza a gurguje yake zuwa. Shi ba mai yawan magana ba ne. Yakan yi kwana uku yana tauna zance kafin ya furta. Wata rana da hantsi, 'yan shekaru bayan Turawa sun tafi, ya zauna a bakin ƙofar Inna ya furta wanda ya daɗe yana taunawa.

Ya ce watan aikin hajji kowace shekara yana ja da baya. Yanzu yana faɗowa a bazara, bayan tsinka, lokacin da gona ke hutawa. Nan da 'yan shekaru zai shiga tsakiyar tsinka, daga nan ya shiga lokacin ban ruwa, daga nan shuka, kuma kafin ya zagayo ya dawo bazara yaran nan sun yi furfura. Bai ce Inna ba za ta kai ba, amma duk mun ji abin da bai faɗa ba. Auduga ta yi kyau a shekarar. Ƙanensa ya yarda zai tuge karan audugar ya ƙone kafin mufattishi, jami'in hukumar noma, ya zo dubawa.

"Inna, bana ne. In ba bana ba, ban san ranar ba."

Inna ta ce ita ba ta san hajjin mutum ɗaya ba. Ubanta da ya tashi, da mata da yara da jakuna ya tashi. In ba da jikokinta duka huɗu ba, ba ta zuwa ko'ina. Na tabbata ta ɗauka ta toshe hanya ke nan, don wa zai kwashi yara huɗu ya haye teku da su?

Mai gida ya ce, "Kwayyis, ya yi kyau. Da su za mu."

Na ga fuskar Inna ta canza, amma ban tsaya karanta ta ba, domin murna ta riga ta kwashe ni. Ni da ban taɓa wuce Madani ba!

To, shiri ya faɗo a kaina. Wanda bai taɓa shirya yara huɗu zuwa Makka ba bai san wahala mai daɗi ba. Muka shiga lori zuwa Hasahisa aka yi musu lamba a damtse. Babbar ɗiyata ta cije, mazan biyu suka tara mana jama'a da ihu, auta kuwa, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ta ciji malamin asibiti. Daga nan gidan hoto. Mai hoton ya shige cikin baƙin ƙyalle yana ce mana kada mu motsa, auta ta ɗauka ɓuya ake yi, ta zagaya ta kamo shi ta baya. Inna ta zauna a kujera ƙyam, ta ƙi kallon gilashin, har sai da mai gida ya roƙe ta.

Akwai wani tsohon alhaji a unguwarmu da ya je ya dawo tun zamanin raƙuma. Kullum da la'asar yarana suna gindinsa. Shi ya cika musu kai da abubuwan da za su gani, kowa ya zaɓi nasa. Babbar tana son ta ga koriyar ƙubba ta Madina, ta kuma hau dutsen Uhudu. Na biyun, mai addu'ar kada a tafi, ya sauya addu'a tun da ya ji jirgin ruwan ya fi masallacin Juma'a girma. Na ukun ba abin da ya shiga kansa sai jifan Shaiɗan. Ya cika aljihu da tsakuwa yana gwaji a kan kajin maƙwabta, har aka kawo mini ƙara da gurguwar kaza a hannu. Auta kuwa tattabarun Makka take so, ta ce za ta kamo ɗaya ta kawo gida. Da yamma sai su yafa tsummokara su yi ta zagaya rumbun dawa suna ɗawafi, akuya na bin su a baya.

Alhajin ya tsoratar da ni da cunkoso. Ya ce a can ƙasaitaccen namiji ma yana ɓata, balle yaro. Na sayo yadi ruwan ɗorawa, irin wanda ake hangowa daga nesa, na ɗinka musu riguna iri ɗaya. Na koya musu in sun ɓata su tsaya cak inda suke, su faɗi sunan ubansu da sunan garinmu da Hausa da Larabci. Na tuka igiya mai laushi da zan ɗaura wa auta a ƙugu. Mata suna ta shigowa da saƙonni: wannan a roƙa mata haihuwa, wannan a roƙa wa ɗanta shiriya, wannan a sayo mata kwalli. Na ce musu da kaina ɗaya zan tafi, ba da kan mutum goma ba.

Saura matsala ɗaya. Na ukun nan, gwanin jifa, matsoracin ruwa ne na gaske. Ko gadar tur'a sai an riƙe masa hannu. Mai gida ya ce bari mu kai su Makwar su ga madatsar ruwa, idonsu ya saba da babban ruwa kafin teku. Muna da dangi a can da za mu kwana wurinsu. Inna ba ta son lori, ko Hasahisa sai da lallashi. Amma da ta ji an ce Makwar sai ta ce da ita za a je, ubanta a can yake kwance.

Ba zan manta ranar ba. Yara suka tsaya a kan gadar madatsar cikin rigunansu ruwan ɗorawa, don sun nace sai sun gwada su. Ta gefe ɗaya ruwa shimfiɗe har inda ido ya gaji, ta ɗaya gefen yana fita ta ƙofofi da rugugin da sai ka yi ihu a ji ka. Matsoracin ya ƙanƙame ƙafar ubansa, ya buɗe ido ɗaya, can sai ga shi yana jefa tsakuwarsa cikin ruwan. Inna ta shafa dutsen ginin ta gaya musu kakansu, mijinta, yana cikin waɗanda suka ɗauko duwatsun nan a ka, yana saurayi, don ya tara abin ƙarasawa Makka.

Bayan azahar mai gida ya tafi da yaran su sayi soyayyen kifi. Ni na raka Inna neman kabarin ubanta. Ta ce akwai wata bagaruwa mai rassa biyu a kusa da shi. Muka yi ta yawo a gefen maƙabartar, bagaruwa ta fi a ƙirga, kowace da rassa biyu. Wani wuri ma an mai da shi gonar kuɓewa. Ta tsaya nan, ta ce a'a, ta tsaya can, ta ce a'a. Daga ƙarshe ƙafarta ta gaji, ta zauna a ƙasa. Na zauna kusa da ita, abin da ban taɓa yi ba.

Ba ta dube ni ba ta fara magana. Ta ce ubanta zazzaɓi ya kashe shi a nan. Da ya ga ba zai tashi ba, ya kira ta, a lokacin tana goyon ɗanta na fari, ya riƙe hannunta.

"Yac ce mani, ki ƙarasa tahiyar ga. In kin sauke farali, ki kwashi ɗiya ki mai da su garinmu, kada ki bar su ƙasar mutane. Nic ce mai na ɗauka."

Ta ci gaba.

"Garin ga, ɗiyata, ban tuna komi nai ba sai wata kuka da rijiya. Ban san ko mutum guda can ba. Mijina na kwance bayan tur'a, can gida. Ɗiyana ukku da sunka rasu suna nan kusa da shi. Muddin ban je Makka ba, kan hanya nike, ba wanda ka ce mani na saɓa. Ranar da nij je, sauran rabin alkawali ya hau kaina. Ko in kwashe ku mu yi yamma, ko in zama wadda ta yi ma ubanta ƙarya."

Sai a lokacin na gane gwiwar nan da mafarkin nan da duk dakuwar da muka ci. Na gane tsirona biyu da akuya ta cinye. Tausayinta ya kama ni, amma ni in tausayi ya kama ni faɗa yake fitowa.

Na ce, "Haba Inna! Shekaru nawa kina ɗauke da wanga abu ke kaɗai? Wa zai bi ki yamma? Ɗanki zai bar hawasha? Ɗiyan ga da Larabci suke mafarki! Halas, shi ke nan, ba inda za mu. Ki je ki sauke faralinki ki dawo ɗakinki."

Ta juyo ta dube ni, kallon da ya sa na ji kunya har tafin ƙafa. Ta ce, "Ke ba ki riƙe hannun mai mutuwa ba." Ta kuma ce kada in gaya wa ɗanta. Muka ji muryar yara suna tahowa, ta goge fuska da gefen mayafi, ta karɓi kifin da auta ta miƙo mata.

Da muka dawo gida Inna ba ta fito da turmi ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Shekarun da ta san ba za ta ba, da waƙa take daka guzuri. Bana da tafiya ta tabbata, ko gyaɗa ba ta taɓa ba. Ni na yi dakuwar, ni na yi gumbar, kuma ba su kama ƙafar nata ba, yara ma sun faɗa mini ba kunya. Ita kuwa kullum da la'asar sai ta ɗauki sanda ta nufi bayan tur'a, ta tsaya daga gefen maƙabarta inda mata ke tsayawa, ta daɗe, ta dawo. Ba ta ce za ta ba, ba ta ce ba za ta ba. Mai gida ya tambaye ni ko mun yi faɗa ne. Na ce ya tambayi uwarsa. Maganar tana cina a ciki, amma an ba ni amana.

Na riƙa sauraron ranar da gwiwa za ta tashi ko mafarki ya zo. Na san in ta ce ba ta zuwa, mai gida ba zai tafi ya bar ta ba, kuma watan zai shige cikin auduga ya tafi da damarta har abada.

Ranar tafiya ta zo. Lorin da zai kai mu tashar jirgin ƙasa a Hasahisa ya tsaya a ƙofar gida tun rana ba ta yi zafi ba. Gari ya taru. An ɗora kaya, an ɗora jakunkunan guzuri, an ɗora yara huɗu ruwan ɗorawa suna ɗaga wa abokansu hannu kamar sarakai. Na shiga ɗakin Inna in ɗauko ta. Ba ta nan. Ƙunshinta yana ƙarƙashin gado inda yake tun ranar da na zo gidan.

Aka duba bayan gida, aka duba maƙwabta. Direba ya fara danna ham yana cewa, "Yalla ya jama'a, jirgi ba ya jira!" Mai gida ya tsaya a tsakar gida, hula a hannu, ya rasa inda zai sa ido. Ni kuwa hawaye ne na takaici suka zubo mini. Na ce a raina shi ke nan, a sauke kaya, a ci guzuri.

Sai ga ta ta ɓullo ta hanyar tur'a, tana tafe a hankali, bakin zanenta duk laka. Ta riƙo wani abu a sakaina da hannu biyu. Mutane suka dare mata. Ba ta kula kowa ba, ta wuce har gindin randa, daidai inda na dasa nawa shekarun baya. Tsiron darbejiya ne, ganyensa bai fi a ƙirga da yatsu ba.

Ta ce, "Ɗiyata, ba ni fartanya."

Na miƙa mata. Ta durƙusa a kan gwiwar nan da ta hana mu tafiya shekara da shekaru, ta yi rami, ta saka tsiron, ta danne ƙasar da tafin hannu, ta ɗebo ruwa a moɗa ta zuba. Ta sa aka kawo ƙaya ta kewaye shi da kanta, ta harari akuya. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda ni kaɗai zan ji.

"Shi ma Baba ya ce ma mutanen garinmu sai ya dawo, bai koma ba. Ban taɓa ganin laihi nai ba. In mun hau Arfa ni gaya mai ban iya ba, in roƙi Allah gahwara, ni da shi."

Ta miƙe, ta kira maƙwabciyarmu ta ce, "Ki ba shi ruwa sahe da marece har mu dawo." Matar ta buɗe baki ta kasa rufewa. Duk garin ba wanda ya taɓa jin Inna ta ce za ta dawo wani wuri. Ta shiga ɗaki ta jawo ƙunshinta, ta kwance, ta saka takalman fatan nan. Sun bushe sun ƙanƙance, suka yi ta cizon ta har Bur Sudan, tashar jirgin ruwa, ta ƙi cirewa.

Labarin tafiyar kansa dogo ne, kuma yarana sun fi ni iya ba da shi. Mun ci guzurin a jirgin ƙasa, mun ci a jirgin ruwa. Matsoracin ruwa shi kaɗai ne bai yi amai a teku ba. Babbar ta ga ƙubbarta ta fashe da kuka. Matsoracin nan gwanin jifa ya samu abin jifa da ba mai kawo ƙara. Auta ba ta kama tattabara ba, amma ta ja ni da igiyarta har na kusa kifewa a bainar jama'a. Ba wanda ya ɓata sai mai gida, da ba a ɗinka wa riga ruwan ɗorawa ba, shi ma kafin la'asar ya dawo. A Arfa Inna ta matsa gefe ta ɗaga hannu tun rana na tsaka har ta yi sanyi. Ban ji abin da ta ce ba, ban kuma tambaya ba. Na dai riƙe mata laima.

Da muka dawo, kafin ta amsa barka da zuwa, wurin randa ta nufa. Tsiron yana nan, ya ƙara ganye. Ta buɗe ruwan Zamzam da mutane ke jira a ɗiga musu a baki, ta zuba masa cikin tafin hannu. Wata tsohuwa ta ce wannan ai ɓarna ce. Inna ta ce nata ne.

Daga ranar kullum da hantsi sai ta jawo tabarma gindinsa. Inuwar ba ta fi faifai ba, sai ta sa kanta a ciki, sauran jiki a rana, in inuwar ta matsa ta ja tabarma ta bi ta. Yara suna yi mata dariya, tana ce musu su jira su gani. Ta daina cewa kan hanya muke. Ta fara tambayar babbar ɗiyata sunayen abubuwa da Larabci, tana faɗa a karkace muna sheƙa dariya. Dakuwa kuwa ta ci gaba da yi bayan kowace tsinka, sai dai yanzu a kwano take zubawa, ba ta ɗinkewa a jaka.

Watan hajji ya shige cikin auduga kamar yadda mai gida ya faɗa, kuma Inna ba ta ga fitowarsa ba. An kai ta bayan tur'a kusa da mijinta da 'ya'yanta. Yau darbejiyar ta rufe tsakar gidan duka, jikokina a ƙarƙashinta suke kitso, a nan nake dukansu. Ina kewar tsohuwar nan fiye da yadda zan iya faɗa. Shekarar da ta rasu inuwar ta kai mata har gwiwa, ƙafafunta ne kawai suka rage a rana.